RABUWAR AURE BA TA SAUKE NAUYIN MAKARANTA: Jawabi Game da Tarar Fashin Yara a Ingila

 

Maganar da ta tara mu yau ta shafi 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasar Ingila, da waɗanda ke shirin tafiya can da iyalinsu domin karatu ko aiki. Ta kuma shafe mu, mu da muke gida, gama mu ne ke aika musu cewa lalle su zo da yara biki, ko suna, ko gaisuwar mutuwa, ba tare da mun san abin da zuwan zai jawo musu ba. Maganar kuwa ita ce ta tarar da hukuma ke cin iyaye a can idan ɗansu ya yi fashin makaranta, musamman iyayen da aure ya rabu tsakaninsu, da kuma abin da ke biyo baya idan mutum ya ce bai yarda ba sai an je gaban alƙali.

Abu guda nake so kowa ya riƙe tun daga farko. A dokar Ingila saki yana raba miji da mata, amma ba ya raba ko ɗayansu da alhakin zuwan yaro makaranta. Wanda bai san wannan ba, wata rana sai ya ga takardar tara a ƙofar gidansa saboda yaron da ya yi wata uku bai sa shi a ido ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar da ke aiki a kan wannan al'amari ita ce Dokar Ilmi ta shekarar 1996. Ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu yana samun ilmi tun daga shekara 5 har zuwa 16. Sashe na 444 na dokar ya ce idan an rubuta sunan yaro a makaranta, sa'an nan bai riƙa zuwa yadda ya kamata ba, to, iyayensa sun yi laifi. Ku lura, ba yaron ake tuhuma ba, iyayen ake tuhuma.

A shekarar karatu ɗaya yara suna zuwa makarantar gwamnati kwana 190. Kowace rana ana kiran suna sau biyu, da safe da kuma bayan abincin rana, watau sau 380 ke nan a shekara. Duk lokacin da aka kira yaro ba ya nan, sai a rubuta ko fashin da izini ne ko ba da izini ba. Shugaban makaranta ne ke da ikon ba da wannan izini. Uba ba shi da shi, uwa ma ba ta da shi. Iyakar abin da za su yi shi ne su roƙa.

A da shugabannin makarantu suna iya ba iyali har kwana goma a shekara su tafi hutu. Tun daga watan Satumba na 2013 aka soke wannan sauƙi, aka ce kada a ba da izini sai a kan dalili na musamman. Arhar kuɗin jirgi ba dalili ba ne, haka nan ziyarar dangi kurum. Rasuwar makusanci ana iya duba ta, amma kwanakin da za a bayar shugaban makaranta ne zai yanke, ba mai roƙo ba.

Wannan tsari na Ingila ne. Wanda ke zaune a Sikotilan ko Wales sai ya nemi sanin ƙa'idar can, gama kowanne yanki da tasa.

WANE NE IYAYE A IDON DOKA?

A nan ne mutanenmu da yawa ke tuntuɓe. A al'adarmu idan aure ya mutu, akan ce yaro yana hannun uwarsa, ko yana hannun ubansa, ko kakarsa ce ke riƙonsa, kuma wanda ke riƙon shi ake tambaya. Dokar Ingila ba haka ta ɗauki abin ba. Sashe na 576 ya tara mutane iri uku ƙarƙashin sunan iyaye.

Na farko, uwa da uban da suka haifi yaro, ko suna tare ko sun rabu, ko da ma ba su taɓa yin aure ba. Na biyu, duk wanda doka ta ba ikon iyaye a kan yaron, kamar wanda kotu ta danƙa wa riƙo. Na uku, duk wanda yaron ke zaune wurinsa yana kula da shi yau da kullum, ko da babu wata takarda. Saboda haka mijin uwa yana iya shiga ciki, matar uba ma haka, har da gwaggo ko kawu da aka bar wa yaro.

Ma'anar wannan ita ce, yaro guda yana iya zama da iyaye uku ko huɗu a idon doka, kuma kowannensu ana iya tuhumarsa shi kaɗai.

YAWAN TARAR

Tun daga shekarar 2004 ƙananan hukumomin Ingila suka sami ikon aika wa iyaye takardar tara maimakon a kai su kotu kai tsaye. Shekara da shekaru tarar fam 60 ce, ta koma fam 120 idan an yi jinkiri. Daga ran 19 ga Agusta 2024 aka ƙara ta, aka kuma daidaita tsarin ko'ina cikin ƙasar kamar haka:

1. Idan yaro ya rasa kiran suna 10 ba da izini ba, watau kwana biyar, cikin makonni goma na karatu, tilas makaranta ta duba ko za a ci tara. Ba dole ne kwanakin su zo a jere ba.

2. Karo na farko, fam 80 ne idan an biya cikin kwana 21. Bayan haka ya zama fam 160, wanda za a biya kafin cikar kwana 28.

3. Karo na biyu a kan yaron nan cikin shekara uku, fam 160 ne, babu ragi.

4. Karo na uku cikin shekara ukun nan, ba a sake aika takardar tara. Sai hukuma ta ɗauki wani mataki, wanda sau da yawa kotu ne.

Tarar kuwa ana lissafa ta ne kan kowane mahaifi, kan kowane yaro. A ce wani mutum ya rabu da matarsa, suna da 'ya'ya biyu. Ya kwashe su ya zo da su Kano bikin ƙanwarsa na mako biyu ana tsakiyar karatu. Ana iya aika masa takarda biyu, fam 160. Ana iya aika wa uwar yaran ma takarda biyu, fam 160. Jimla fam 320. Idan kowa ya tsaya yana cewa laifin ɗan'uwansa ne har kwana 21 suka wuce, kuɗin ya zama fam 640.

Kada wani ya zaci barazana ce kawai. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 an ba da takardun tara fiye da 480,000 a Ingila, kuma wajen tara cikin goma duk saboda tafiya hutu ne lokacin karatu.

IDAN TAKARDAR TA ISO KA

To, yaya mahaifin da ba shi ya ɗauki yaron ba, wanda wataƙila ma sai bayan an tafi ya ji labari? Shin haka nan zai biya kuɗin abin da bai ji ba bai gani ba?

Akwai sauƙi, amma sai mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Umarnin da Ma'aikatar Ilmi ta Ingila ta ba makarantu da ƙananan hukumomi, wanda ya fara aiki a 2024, ya nuna cewa a bisa al'ada mahaifin da ya yarda da fashin shi ya kamata a aika wa takarda, ko wane ne ya cika takardar neman izini. Har wa yau ƙaramar hukuma tana da ikon janye takardar tara idan ta tabbata an aika wa wanda bai kamata ba, ko bai kamata a bayar da ita ba tun farko, ko kuwa akwai babban kuskure a cikinta.

Amma fa babu wata hanyar ɗaukaka ƙara da doka ta tanada a kan takardar tara. Abin da mutum zai yi shi ne ya rubuta wa makaranta da ƙaramar hukuma nan da nan, ya bayyana cewa ba ya zaune tare da yaron, bai san da tafiyar ba, ko kuwa ya sani ya hana ba a ji ba. Ya haɗa da shaida: hukuncin kotun iyali da ya nuna inda yaron ke zaune, saƙon da ya aika wa tsohuwar matarsa ko tsohon mijinta na ƙin yarda, da wasiƙar da ya rubuta wa makaranta. Ya kuma tuna cewa kwanakin nan 21 da 28 ba sa tsayawa don ya rubuta wasiƙa. Suna tafiya.

Wanda ya biya tara, magana ta ƙare. Ba a kai shi kotu a kan wannan fashin, ba a kuma rubuta sunansa cikin waɗanda kotu ta taɓa samu da laifi. Wanda bai biya ba, kuma ba a janye takardar ba, ƙaramar hukuma tana iya gurfanar da shi gaban Kotun Majistare.

ZUWA KOTU

Jama'a, Hausawa sun ce shari'a saɓanin hankali. Mutum yakan tafi kotu yana ganin zai je ya bayyana wa alƙali irin zaluncin da aka yi masa. Amma abin da ke gaban alƙali daban ne. Ba a kan ƙin biyan tara ake shari'ar ba, a kan ainihin laifin ne, watau rashin zuwan yaro makaranta. Tambayoyin kuwa gajeru ne. Kai mahaifinsa ne a idon doka? Sunansa yana rajistar makaranta? Ya yi fashi ba da izini ba? Rajistar makaranta da sa hannun shugabanta sun isa shaida.

A laifin farko na sashe na 444, ba sai hukuma ta nuna cewa mutum ya sani ko ya yi da gangan ba. Hanzarin da doka ta karɓa kaɗan ne, ga manyansu:

Na ɗaya, makaranta ta ba da izini. Na biyu, yaron ba shi da lafiya, ko wani abin da ba makawa ya tare shi. Kotuna kuwa sun daɗe da fassara cewa yaron ne abin zai shafa, ba mahaifin ba. Na uku, ranar ta ibada ce wadda addinin iyaye ya keɓe, kamar ranar Salla. Ranar kanta ake nufi, ba makon da ke biye da ita ba. Na huɗu, makarantar tana da nisa ƙwarai, kuma ƙaramar hukuma ba ta yi tanadin abin hawa da doka ta ɗora mata ba.

Ku duba da kyau. A cikin waɗannan babu "mun rabu da uwarsa", babu "ba a wurina yake kwana ba". Wannan magana tana da nauyi a gaban ƙaramar hukuma kafin a kai ƙara, tana kuma iya sa alƙali ya sassauta hukunci, har ya sallami mutum ba tara. Amma ita kaɗai ba ta cikin abubuwan da doka ta ce suna wanke mutum. Shi ya sa na ce a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, a kuma ƙwanƙwasa ta da wuri.

Wanda aka samu da wannan laifi ana iya cinsa tara har fam 1,000, ban da kuɗin shari'a. Akwai kuma laifi na biyu mafi girma, na wanda ya san ɗansa ba ya zuwa makaranta ya ƙyale. Wannan tararsa tana kai fam 2,500, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyu. A wannan kam mutum yana iya kare kansa idan ya nuna yana da dalili karɓaɓɓe.

Ba kuɗin ne kaɗai abin tsoro ba. Hukuncin kotu yana shiga tarihin mutum. Mai neman aikin kula da yara, ko tsofaffi, ko marasa lafiya, ana bincika tarihinsa, kuma 'yan'uwanmu da yawa irin wannan aiki suke yi a can. Mai neman sabunta izinin zama, ko neman zama ɗan ƙasa, ana tambayarsa ko kotu ta taɓa samunsa da laifi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Wani abin lura kuma, yawancin irin waɗannan ƙananan ƙararraki ta gidan waya ake aiko sammacinsu, a ba mutum kwana 21 ya amsa. Idan bai amsa ba, majistare guda yana iya yanke hukunci bisa takardun da ke gabansa. Wanda ya tashi daga gidan aurensa bai sanar da makaranta sabon adireshinsa ba, ana iya yi masa hukunci bai sani ba. Idan haka ta faru, doka ta ba shi dama ya yi rantsuwa cewa bai san da shari'ar ba, cikin kwana 21 daga ranar da ya sani, domin a sake ta daga farko.

SHARI'AR JON PLATT

Domin ku ga yadda abin yake a zahiri, bari in ba ku labarin shari'ar da ta fi shahara a wannan fanni. Wani mutum ne mai suna Jon Platt, mazaunin Tsibirin Wayit a kudancin Ingila. Sun rabu da uwar 'yarsa. Ya nemi izini ya tafi da yarinyar hutu Filorida ta ƙasar Amurka, shugabar makaranta ta hana. Duk da haka a watan Afrilu na 2015 ya tafi da ita, ta rasa kwana bakwai na karatu. Tun a watan Fabrairu na shekarar uwar yarinyar ma ta tafi da ita hutu ba da izini ba, aka ci ta tara, ta biya, tata ta ƙare a nan.

Shi kuwa aka aika masa takardar fam 60 bai biya ba, ta koma fam 120, bai biya ba. Aka kai shi Kotun Majistare. Hujjarsa ita ce dokar cewa ta yi yaro ya riƙa zuwa makaranta a kai a kai, 'yarsa kuwa zuwanta ya haura kashi 90 cikin 100. A watan Oktoba na 2015 majistarori suka ba shi gaskiya. Ƙaramar hukuma ta ɗaukaka ƙara, a watan Mayu na 2016 Babbar Kotu ta sake ba shi gaskiya. Iyaye da yawa suka yi murna, suna ganin an karya lagon dokar.

Amma shari'a mace ce mai ciki. Ran 6 ga Afrilu 2017 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar bisa baki ɗaya, ta rushe hukuncin. Mai Shari'a Uwargida Hale ce ta karanta shi. Kotun ta ce zuwa a kai a kai ma'anarsa zuwa bisa ƙa'idar da makaranta ta shimfiɗa, watau kowace ranar da aka ce a zo. Ta kuma nuna cewa fashin yaro guda ba shi kaɗai yake cuta ba, yana ƙara wa malami aiki, yana ja da sauran 'yan aji baya, kuma rashin adalci ne ga iyayen da ke bin doka. Aka mayar da shari'ar gaban majistare. A watan Yuni na 2017 aka same shi da laifi, aka sallame shi bisa sharaɗin kada ya sake yin laifi cikin wata 12, aka kuma ce ya biya fam 2,000 kuɗin shari'a.

Yarinya ɗaya, iyaye biyu, laifi iri ɗaya. Ɗaya ta biya kuɗi kaɗan ta huta. Ɗaya ya yi shekara biyu yana hawa da sauka a kotuna. Tun daga wannan hukunci, cewa "ɗana ba ya yawan fashi" ta daina zama kariya.

SHAWARA GA IYAYEN DA SUKA RABU

1. Kowannenku ya ba makaranta adireshinsa da lambar wayarsa, ya nemi a riƙa aiko masa da labarin zuwan yaron shi ma.

2. Ku shirya zuwa gida a lokacin hutu. Babban hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, wajen mako shida. Ya isa a ga dangi.

3. Idan larura ta taso, a nemi izini a rubuce kafin a sayi tikiti, ba bayan an saya ba.

4. Idan ɗayanku zai tafi da yaro lokacin karatu ba da yardarka ba, ka rubuta wa makaranta tun kafin tafiyar, ka ajiye kwafin wasiƙar. Idan abin ya yi tsanani, Dokar Yara ta 1989 ta ba kotun iyali ikon hana tafiyar.

5. Wanda kotun iyali ta ce yaro ya zauna wurinsa yana iya fita da shi ƙasar waje ƙasa da wata ɗaya ba sai ya nemi yardar ɗayan ba. Amma wannan dama ba izinin makaranta ba ce. Kada a gama su.

6. Kada a ajiye takardar hukuma a ce sai an huce. A karanta ta ranar da ta zo. Wanda ke niyyar zuwa kotu ya ga lauya tukuna.

7. Mu da ke gida, mu daina matsa wa 'yan'uwa da cewa sun ƙi zumunci don ba su zo da yara ba. Mu tambaye su lokacin hutun makaranta kafin mu sa ranar biki.

A NAN GIDA FA?

Kada mu ce wannan al'amarin Turawa ne kurum. Mu ma muna da tamu dokar. An fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka ƙaddamar da shirin ilmin tushe na bai ɗaya a Sakkwato a 1999, sa'an nan aka kafa dokarsa a 2004. Dokar ta wajabta wa iyaye da masu riƙon yaro su tabbatar ya shiga, ya kuma gama firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Ta ajiye cewa wanda ya saɓa, karo na farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko a gama masa duka biyu.

Kuɗin ba shi da yawa, amma manufar ɗaya ce da ta can. Dukanmu kuwa mun san yaron da karatunsa ya tsaya ranar da uwarsa ta bar gidan ubansa: zango guda yana wurin kaka, zango guda yana wurin gwaggo, uba ya ce uwa ce ta ɗauke shi, uwa ta ce uba ne ya ƙi sayen littafi. Wannan yaro ko ba a ci kowa tara ba, shi ya riga ya biya, kuma tasa ta fi ta kowa tsada.

Saboda haka, ya ku iyaye, duk abin da ya shiga tsakaninku, ku bar wa yaro hanyarsa ta makaranta a buɗe. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa wanda bai ji ba, musamman 'yan'uwanmu da ke ƙetare.